Kiɗan metal mai sarƙaƙiya: na kasa samun wurin tafi, kuma na kasa daina ji

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata haɗa kiɗa ce, ina da ɗan situdiyo a nan Katsina, yawancin aikina waƙoƙin biki ne da na siyasa. Mahaifina makaɗin kalangu ne, a gindin ganga na tashi. Kwanaki yaron da ke koyon aiki a wurina ya tura mini wata waƙar ƙungiyar makaɗa 'yan ƙasar Suwidin, Meshuggah, sunanta Bleed. Muryar mawaƙin ihu ce zalla, ban tsinci komai a ciki ba. Ganguna da jita ne suka riƙe ni. Duk kiɗan da na sani, kafin a yi nisa ƙafata ta samu inda za ta sauka. Wannan kuwa da na ce na kama shi sai ya zame mini, amma jikina yana gaya mini akwai tsari a ƙasa, ba shirme ba ne. Don Allah masu jin irin wannan kiɗan, wanda yaron ya ce ana kira furog metal, wato kiɗan jita da ganguna mai ƙara da sarƙaƙiyar tsari, yaya kuke sauraronsa? Me kuke nema a ciki?

Malam Na Daura ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Koma ka sa iyafis, ka manta da jita gaba ɗaya, ka bi farantin ƙarfen da mai ganga yake duka da hannu. Za ka ji yana tafiya ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba ya kaucewa. Nan ne wurin tafin da kake nema. Ƙafafunsa, da yake kaɗa manyan ganguna da su, da jita su ne suke tafiya a kan wani zagaye na daban, a farkon Bleed mai uku-uku ne, shi ya sa duk dawowa sai ka ji nauyin ya faɗi a sabon wuri. Gwada a kan tebur: hannun hagu ya riƙa duka duk bayan huɗu, na dama duk bayan uku. Sai a na 12 za su sake haɗuwa. Ka mai da ukun biyar, sai a na 20. Su kuma 'yan Meshuggah sukan ja zagayen ya haura 20, su bar shi yana zamewa, sannan su datse shi don kowa ya sauka tare. Wannan saukar ita nake jira, kuma daɗinta gwargwadon tsawon jiran ne. Mai gangar, Tomas Haake, sai da ya yi watanni yana horar da ƙafafunsa kafin ya iya waƙar, ta fito a 2008.

Akwai wata hanyar kuma. Dream Theater, waɗanda suka haɗu a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston a 1985, su ƙirgen kansa suke sauyawa. A The Dance of Eternity ta 1999 sun sauya shi fiye da sau 100 cikin minti shida da ɗoriya. Ina girmama aikin, amma na Meshuggah ya fi shiga jikina, don akwai ƙasa da zan taka. Kai da ka tashi kana jin ƙaramar ganga tana riƙe da gindin kiɗa babba tana yawo a kai, ai ka fi mu kusa da abin.

Baba Mai Rediyo ya amsa:

Yarana, ni ban yarda ba. Na saurara saboda maganarku. Gwaninta kam akwai ta, amma wa ake yi wa? Shata ɗan Musawa ne, namu ne, kalangu kawai a bayansa, ya tsaya a fili ya shirya waƙa nan take, dattijo da yaro kowa ya tafi da baiti a baki. Ya rasu tun 1999, har yau ana rera shi a tasha. Kiɗan da sai an zauna an yi maka lissafi kafin ka ji daɗinsa, ina ganin makaɗa ne suke yi wa junansu.

'Yar Sabuwar Unguwa ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka akwai gaskiya a ciki, wasunsu nuna iyawa ce kawai kuma suna gajiyar da ni. Amma ni ban iya kaɗa komai ba, ban taɓa ƙirga ko ɗaya ba, kuma ina ji. Yaya mai situdiyo, idan ihun ne ya dame ka nemi ƙungiyar Animals as Leaders, ba murya sam. Mai jitarsu, Tosin Abasi, a Amurka aka haife shi amma iyayensa 'yan Najeriya ne. Jitarsa tsirkiya takwas gare ta maimakon shida, yana dukan masu kaurin da babban yatsa har ta koma tamkar ganga. Da dare nake sa su ina ɗinki, kuma waƙar da na ji jiya in na sake ta yau sai na tsinci wani layin da ban lura da shi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa ya dawo:

Na gode ƙwarai. Malam, na bi farantin, wallahi yana nan daram tun farko. Yanzu na buɗe kwamfuta na jera kalangu a kan huɗu, na ɗora bes mai zagayen biyar a kai. Baba, zan sa mawaƙi ya hau da baitin Hausa, in na gama kai zan fara kawo wa ka yanke hukunci. Abin da ya rage mini shi ne amshi. Malam, a kan huɗun zan ajiye 'yan amshi, ko su jira sai an haɗu a na 20?