Storm Warning: jarunta ce ko kame-kame?

Malam Habu: Jiya na sake kallon Storm Warning na 1951, kuma ina nan a kan bakana, ba a yi wa fim ɗin nan adalci ba. Ginger Rogers ta sauka daga bas da daddare za ta wajen ƙanwarta, sai ga 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar masu wariyar launin fata ta Amurka, sun jawo wani ɗan jarida daga kurkuku sun harbe shi. Biyu daga cikinsu suka tuɓe hular rufe fuska, ta gan su sarai. Tana isa gida, ashe ɗayan mijin ƙanwar ne.

Zainab: Malam, da girmanka, ina jaruntar? Ƙungiyar da ta yi suna wajen rataye baƙaƙen fata, amma fim ɗin bai ce uffan a kan wariyar launin fata ba. Wanda aka kashe ɗin ma farar fata ne. An mai da su 'yan damfara masu cin kuɗin mambobi kawai.

Bashir: Anti Zainab ta faɗi gaskiya. Fim ɗin Black Legion na 1937 ya fi shi ƙarfin hali. A cikinsa Humphrey Bogart ya shiga wata ƙungiya irin ta Klan don an ba ɗan asalin Foland muƙamin da yake hari a masana'anta. Can ƙiyayyar baƙo a fili take.

Malam Habu: Bashir, ban musa ba. Amma ka tuna zaman binciken kisan a Storm Warning. Ronald Reagan, da ya fito a mai gabatar da ƙara, ya kira Ginger Rogers shaida, ɗaki cike da mutanen gari, kowa ya san wanda ya yi. Ƙanwarta, Doris Day, na ɗauke da juna biyu. Sai Ginger ta buɗe baki ta ce ba ta gane kowa ba. Gari ya ɗauki shagali! Shirun maƙwabta fim ɗin ke tuhuma.

Hajiya Rabi: Ni nan ne ya kama ni. Wace ce cikinmu za ta tona asirin mijin ƙanwarta a gaban alƙali? Kuma shirun bai tsinana mata komai ba, bulala ta sha a taron 'yan Klan, ƙanwar kuma harsashin mijin nata ne ya kashe ta.

Zainab: Duk na ji, Hajiya. Amma da baƙar fata aka harbe a daren nan, kamfanin Warner Bros za su yi fim ɗin?

Malam Habu: A 1951? Da wuya.

Zainab: To ka gani.

Malam Habu: Ki dai kalli wurin da Reagan ke ratsa taron yana kiran masu rufe fuska da sunayensu, sannan mu dawo.