Wanke wa tsohuwa kai ba tare da ruwa ya shiga kunnenta ba

Tambaya daga wata 'yar'uwa a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 80, kuma tun da ciwon baya ya hana ta sunkuyawa ni ce nake wanke mata kai duk lokacin da aka tsefe mata kitso. Nakan zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugunno in riƙa zuba ruwa da kofi, amma kome taka-tsantsan ɗina sai ruwa ya gangara kunnenta. A wankin da ya wuce kunnen hagu ya toshe har kwana biyu, sai an ɗaga murya take ji, ta kuma yi ta sosa shi da gashin kaza. Na gwada toshe shi da auduga, audugar ta jiƙe sharkaf. Wannan kunnen ya taɓa zubar da mugunya shekarun baya, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Ina neman shawararku.

Amsa daga wata mai kitso a Kazaure:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ba ki ladan hidima. A ganina zaman ne matsalar, domin muddin mutum yana zaune kansa a miƙe ko a sunkuye, ruwa ta gefen kunne zai bi. Ki kwantar da ita rigingine a kan gado, kanta ya ɗan zarce bakin gadon, ki ajiye baho a ƙasa. Ki bar kofi ki ɗauki buta, saboda bakinta siriri ne, inda kika nufa nan ruwan zai sauka. Ki fara daga goshi ki tura ruwan baya zuwa ƙeya, idan kin zo gefe ki naɗe kunnen da tafin hannunki. Ni da hantsi nake yi wa tsofaffina, musamman da hunturu, don gashin ya bushe kafin sanyin yamma.

Amsa daga wani ma'aikacin lafiya a Dambatta:

Hajiya mai kitso ta faɗi gaskiya, sai dai zan ƙara da cewa a naɗe tawul a tokare wuyan Inna, kada a bar kanta yana reto, domin lanƙwasa wuyan tsoho baya na tsawon lokaci yakan jawo jiri.

Game da auduga, busasshiya tsotse ruwa take yi ta kai shi ciki. Abin da ake yi shi ne a mulmula ta ta kai girman da ba za ta shige ramin kunne ba, a shafe ta da man Vaseline ta kowane gefe, sannan a ɗora ta a bakin kunnen a danna a hankali. Man ne yake hana ruwa ratsawa. Da an gama a cire ta a yar, kada a sake amfani da ita. Ruwan kuma ya kasance mai ɗumi daidai jiki, wajen digiri 37, ki gwada shi a bayan hannunki, saboda ruwa mai sanyi ko mai zafi idan ya shiga kunne yana taɓa sashen da ke daidaita tsayuwar mutum, nan take jiri ya kama shi.

Toshewar da kika gani ta kwana biyu, sau da yawa dattin kunne ne yake shan ruwa ya kumbura. Amma abin da ya fi damuna shi ne mugunyar da kika ambata, domin tana iya nuna cewa dodon kunnen ya taɓa hujewa, kuma idan hujin bai rufe ba, ruwa zai wuce can ciki ya tayar da ciwon. Saboda haka kada a ɗiga mata man zaitun, ko man shanu, ko wani maganin gargajiya, sai an haska kunnen an gani. Ki fara da asibitin da ke kusa da ku. Idan da buƙata za su tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In tana da ciwon suga kuma kunnen ya fara zafi ko zubar da ruwa, kada a jira ko kwana ɗaya.

Amsa daga wani dattijo a Gumel:

'Yata, ki raba ta da gashin kazan nan da tsinken ashana, amma da lallashi, don tsoho ba ya son a ƙwace masa abu. Idan ruwa ya shiga, ta karkatar da kai gefen, ki ja leɓatun kunnen a hankali, ki goge waje da ƙyalle mai tsabta. Ki kuma lura da alwalarta, shafa ake yi da jiƙaƙƙen yatsa, ba a ɗura ruwa.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Jiya na kwantar da ita, na tokare wuyan, na yi amfani da buta da audugar mai, kuma da na cire ta cikin kunnen a bushe yake. Har barci ya ɗauke ta kafin in gama ɗauraya. Yayana zai kai ta a duba kunnen ranar Litinin. Gashin kazan dai na same shi a ƙarƙashin matashinta, ta ce in bar mata shi a wurin.