Aikin jirgin ruwa mai filafilai: me zan iya koya tun ina Maraɗi?

Habibu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na ga bidiyon Belem, tsohon jirgin Faransa mai jigo uku da ya kai wutar Olamfik Marsei a watan Mayun 2024, aka ce irin waɗannan jirage suna ɗaukar ƴan koyo su yi aiki tare da ma'aikata. Wane irin aiki ake sa mutum? Ana biyansa? Kuma mu da babban ruwanmu shi ne tafkin Madarunfa, akwai abin da za mu fara koya tun daga gida?

Malam Isuhu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu fara da batun kuɗi don kada ka ɗora buri a inda babu shi. A yawancin jiragen nan ɗan koyo shi ke biya, kuɗin abinci da makwanci da koyarwa, ban da kuɗin jirgin sama da biza. Masu albashi su ne ma'aikatan dindindin, kuma su suna da takardun STCW, yarjejeniyar duniya ta 1978 kan horar da ma'aikatan teku. Matakin farko nata kwas ne na kusan mako guda: tsira da rai a ruwa, kashe gobara, agajin gaggawa, kiyaye kai. A yankinmu ana karatun teku a ARSTM ta Abijan da jami'ar harkokin teku ta Akara. Tafiyar koyo kaɗai ba ta ba ka wannan takarda.

Jiragen kuma sun bambanta. Belem, wanda aka ƙera a Nant a 1896, tafiyarsa ta ƴan kwanaki ce kuma da Faransanci ake ba da umarni, shi ya fi maka sauƙi. Statsraad Lehmkuhl na Norwe (ƙirar 1914) da Europa na Holan (ƙirar 1911) da Picton Castle na Kanada suna yin makonni ko watanni, su kuma sai ka ji Ingilishi. Idan shekarunka na tsakanin 15 da 25, bincika tseren Tall Ships Races, domin dokarsu ita ce rabin mutanen kowane jirgi su kasance cikin wannan zango, kuma wasu ƙungiyoyi na taimaka wa matasa da kuɗin shiga.

Aikin kansa rukuni uku ake raba shi, awa 4 kana gadi, awa 8 kana hutu: 12 zuwa 4, 4 zuwa 8, 8 zuwa 12, dare da rana. Cikin awa huɗun za ka zagaya tsakanin riƙon sitiyari, tsayuwa a goshin jirgi kana duban hanya, zagayen duba gobara da yoyo, da jan igiya. Sauran kuwa wanke daɓe ne, kankare tsatsa, shafa kwalta da fenti, wanke kwanuka. Hutun ma ba tabbas, in iska ta tashi kowa ake tayarwa.

Baba Ɗan Tibiri:
Ɗana, abin da za ka koya a gida igiya ce, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sayi mita 3 ta igiya mai murɗi uku, kaurin milimita 10 ko 12, ka ɗaura a reshen bedi ko ƙarfen taga.

Ƙulli biyar sun ishe ka farawa. Na farko wanda Faransawa ke kira nœud de chaise: ka yi ƙaramin zobe a jikin igiya, ka zuro bakinta ta cikinsa daga ƙasa, ka kewaya bayan doguwar igiyar, ka mayar da bakin cikin zoben ta inda ya fito. Yana ba ka madauki da ba ya zarcewa, kuma yana kwancewa cikin sauƙi ko ya sha nauyi. Aibinsa biyu: ba ya kwantuwa muddin nauyin na kansa, kuma in igiya ta yi sako-sako tana kaɗawa yakan warware, don haka bar masa wutsiya kamar taƙi guda. Sai ƙulli mai siffar 8 da ke hana bakin igiya zarcewa ta cikin kura irin ta jan ruwa a rijiya, sai nœud de cabestan na ɗaurewa a sanda, sai nœud plat na ɗaure filafili bayan an naɗe shi. Wannan na ƙarshe kada ka taɓa haɗa igiya biyu masu ɗaukar nauyi da shi, yana kifewa ya zame. Na biyar, zagaye cikakke a sanda sannan rabin ƙulli biyu, shi ne wanda za ka iya kwancewa ko da nauyi a kai. Ka yi su har ka iya da ido rufe, hannu jiƙe, domin ƙarfe ukun dare ba fitila ake kunna maka ba. Farin haske yana kashe wa masu gadi ganin dare.

Amma ƙulli ba shi ke raunata mutane ba, igiya mai nauyi ce. Kowace igiyar filafili tana saukowa ta kura, irin ta rijiya, ta zo ta ƙare a kan turkenta a gefen jirgi, kuma turakun sun fi ɗari a babban jirgi. Ana zagaya turke sau ɗaya, a yi naɗi mai siffar 8 sau uku, a naɗe ragowar a rataye. Naɗin ragowar yana bin hannun agogo, saboda murɗin igiyar na dama ne. In ka juya shi sai ta yi ta ƙudundunewa, ranar da aka sake ta da sauri ta maƙale a kura, filafili ya tsaya rabi a sama iska na dukansa.

Kafin ka cire naɗin ƙarshe, taɓa igiyar ka ji ko a miƙe take kamar ƙarfe. In haka take, bar zagaye ɗaya a turke, ka riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan da tafin hannu a buɗe, yatsu nesa da turke. Kada ka naɗa igiya a hannu don ka ji daɗin ja. Kada ka sa ƙafa cikin zoben igiyar da ke ƙasa. Zoben yatsa da agogo a cire su. Kuma igiyar da ba ka san ta mece ce ba, kada ka kwance ta ko da kana ganin ita aka ce; wata tana riƙe da gungumen gicciye, wanda ake rataya filafili a jikinsa, mai nauyin tan a saman kawunan mutane.

Yaya Rabi:
Baba ya gama da ƙasa, bari in taɓa sama. Hawan jigo a yawancin jirage ba dole ba ne ga ɗan koyo. In za ka hau, ta gefen da iska ke fitowa ake hawa, don ta manna ka da igiyoyi maimakon ta fizge ka. Hannu a kan igiyoyin tsaye masu kauri, ƙafa a kan ƙananan na kwance, domin ƙananan sukan tsinke, in ɗaya ta tsinke ƙarƙashinka hannunka na kan mai ƙarfi. Gaɓa uku a riƙe, ɗaya ke motsi. Ɗamarar tsaro a maƙala ta inda aka nuna maka kawai. Idan za ka taka igiyar da ke ƙarƙashin gungumen gicciye, faɗa da ƙarfi kafin ka taka, saboda nauyinka zai girgiza duk wanda ke tsaye a kanta. Aljihu babu komai, wuƙa a ɗaure da zare.

Tashin zuciya kuwa, yawancin mutane kwana biyu zuwa uku ne ya wuce. Zauna a sarari tsakiyar jirgi, dubi inda sama ta haɗu da ruwa, ci busasshen abu kaɗan, sha ruwa ko ba ka so. Amai ta gefen da iska ke tafiya, ko cikin bokiti. Magani kafin a tashi ake shansa, kuma yana kawo barci, to ranar ba hawa.

Abin da zai fi ba ɗan Maraɗi mamaki sanyi ne. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa a teku, ta kan ja zafin jiki. Nemi rigunan ulu a gwanjo, safa mai kauri, da rigar ruwa sama da ƙasa. Ka kuma koyi iyo a wurin wanda ya iya.

Malam Isuhu:
Iyon yana da kyau, Yaya, amma kada ya sa rai da shi. Jirgi mai filafilai ba ya juyowa da sauri, abin yi shi ne kada a faɗa. Ƙari kan sitiyari: za a ba ka lamba cikin digiri 360 na kamfas, ka maimaita ta da baki kamar kowane umarni. Jirgin yana jinkirin amsawa, sabon hannu sai ya ga shiru ya ƙara murɗawa, jirgi ya wuce layi, ya dawo da ƙarfi, ya yi ta maciji. Murɗa kaɗan, jira, ka mayar tun kafin allura ta kai lambar. Ka kula musamman da gefen iska: jirgi mai filafilai na gicciye ba ya kusantar iska fiye da digiri 60 zuwa 70, in ka kusance ta fiye da haka iska ta dawo ta gaban filafilai ta danna su a jigo. Da dare jar fitila gefen hagu ce ta jirgi, kore ta dama. Ka ga duka biyun tare a wani jirgin, kanku ya nufo, sanar nan take.

Habibu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Saura salla da abinci.

Baba Ɗan Tibiri:
Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar, don haka ba sai ka taɓa ruwan sha da ake awonsa ba. Alƙibla tana sauyawa da wurin da kuke, ka tambayi jami'in gadi ya duba maka a taswira. Gaya wa shugaban rukuninka lokutan salla tun ranar farko a musanya maka zagaye, kada ka bar sitiyari ko goshin jirgi sai wani ya karɓe ka. Batun naman alade da girki da giya, rubuta shi a takardar rajista, domin kuku tun a tashar ruwa yake sayen kayan tafiyar duka.