Aiki ta intanet kana yawon ƙasashe: akwai ɗan zangon da ya taɓa gwadawa?

Ɗan Aboabo:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa abin da hannunsu, ba masu ji a bakin wani ba. Ni a Kumasi nake, shekarata 27, aikina zane a kwamfuta, fostar aure da ta suna da kalandar makarantun Islamiyya, lokacin zaɓen 2024 kuwa har kwana muke yi a shago. Shagon na maigidana ne can wajen Adum. To bara wani abokina ya buɗe mini Fiverr, shafin da ake samun aikin yi ta intanet, da ƙyar da siɗin goshi na samu kastoma biyu masu dawowa, ɗaya a Kanada ɗaya a Jamus, wata mai kyau nakan ga dala 400, wani watan kuma ko 100 ba ta cika.

Abin da ya hana ni barci shi ne waɗannan da Turawa ke ce wa dijital nomad, mutum ya ɗauki laftof ɗinsa yau yana Bali gobe yana Lisbon, aikinsa na tafiya kuɗinsa na shigowa. Ni ma fa na gaji da motocin haya na trotro da go-sulon kasuwar Kejetia. Na tara ɗan abin da na tara, ina tunanin in ajiye aikin shago bayan babbar salla in fita. Mma dai ta ce mini wanda bai ajiye mata ba ba ya maganar yawon duniya. Da fasfon Ghana abin nan zai yiwu kuwa? Ta ina ake farawa?

Yaron Nima:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na yi, ina kan yi ma jefi-jefi, amma kada ka ajiye aikin shagon nan tukuna. Dala 400 yau 100 gobe ba albashi ba ne, sa'a ce. Shekara biyu na yi ina rubuta wa wani kamfani a Ingila manhaja daga ɗakina a Nima kafin in fara motsawa ko nan da Aflao, bodar Togo.

Maganar fasfo. Yaran da kake gani a YouTube yawancinsu fasfon Amurka ko na Turai ke hannunsu, ƙofa a buɗe take musu. Mu kuwa bizar Shengen ta shiga Turai kaɗai Yuro 90 ce tun 2024, in an hana ka kuɗin ya tafi, in an ba ka kwana 90 ne cikin 180, kuma ta yawon buɗe ido ce ba ta aiki ba. Akwai biza ta musamman ta masu aiki daga nesa, Estoniya ta fito da tata a 2020, Fotugal a 2022, Sifen a 2023, amma duk sai ka nuna takardar banki. Fotugal ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasarsu take so ka riƙa samu duk wata, wato sama da Yuro 3,000. Lissafa da kanka. A Afirka ma akwai, Morishus da Kef Bade tun 2020, Namibiya ta bi a 2022 da ta wata shida, ita dala 2,000 a wata take nema.

Abin da muke da shi wanda ba mu daraja shi ba shi ne ECOWAS. Tun yarjejeniyar 1979 kana shiga ƙasashen ƙungiyar ka yi kwana 90 babu biza. Lome awa uku zuwa huɗu ce daga Accra a mota, Abijan ta bodar Elubo, Dakar in kana da kuɗin jirgi. Ruwanda ma ba ta neman biza a wajenmu, Afirka ta Kudu ta cire mana tun Nuwamban 2023. Katin allurar shawara dai kada ka manta shi a gida, wannan ɗan katin mai ruwan ɗorawa, a boda in ba ka da shi za ka sha magana.

Wani abin da Allah ya ba mu kyauta agogo ne. Ghana a kan GMT take shekara duka, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da Landan, sauran watannin awa ɗaya suke gaba da mu. Da na je Kigali na yi wata ɗaya, awa biyu kacal aka ƙara amma mitin ɗin ƙarfe biyar na yamma ya koma bakwai na dare, magariba da isha duk a guje nake yin su. Yanzu ka ce Bali, awa takwas ke tsakaninmu da su, kastomanka na Kanada yana farkawa kai kana neman wurin kwanciya. Hoton bakin teku da laftof kuwa ƙarya ce tsagwaronta, rana ba ta barin ka ga komai a allon, ga yashi. Duk wanda na sani yana wannan rayuwa a ɗaki yake wuni ƙofa a rufe, yana roƙon Allah kada netwok ya yanke.

Kuma yana yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, azumi ne ma lokacin, ina da aikin da zan miƙa kafin azahar, na zaga Accra da laftof a jaka kamar mai tallar turare, daga Nima zuwa Osu zuwa Madina ina leƙa duk inda na ji an ce akwai ɗan sigina. A ƙarshe a gindin wata bishiya na tsugunna da wayar wani ɗan'uwa mai layi daban na tura saƙo layi biyu. Tun ranar ba na tafiya sai da sim biyu na kamfani daban-daban da babban pawa bank, kuma duk masaukin da zan kama sai na ce mai gidan ya gwada gudun intanet ɗin ya turo mini hoto kafin in biya ko sisi. In tambaye shi kuma akwai janareto ko babu. Wanda ya rayu a dumso, yawan ɗauke wutar nan na 2015, ba a koya masa wannan.

Uwar Biyu Mamobi:

Ƙanena sannu da ƙoƙari. Yaron Nima ya gama maganar hanya, ni ta kuɗi zan yi maka don nan ne na ƙone. Fassara nake yi da rubuta abin da aka faɗa a faifan murya, Hausa da Turanci, shekara ta biyar ke nan, daga falo, yara na makaranta ina aiki.

Ka san dai Fiverr kashi 20 cikin 100 suke cirewa, to dala 400 ɗin nan da ka faɗa kafin cirewa ne ko bayan? Sannan hanyar da kuɗin zai bi ya iso MoMo ɗinka, asusun kuɗi na waya, ma tana cin nata. Shekara da shekaru ba a buɗe asusun karɓar kuɗi na PayPal da adireshin Ghana, shi ya sa yawancinmu Payoneer muke bi ko banki kai tsaye. Kada wani ya ruɗe ka ka buɗe asusu da adireshin ƙarya na wata ƙasa. Ni ba ƙarya ma na yi ba, gaisuwar rasuwa na je Kwatano na shiga asusuna daga can, wani kamfanin tura kuɗi ya ga wuri ya canza ya kulle mini kuɗi sati uku, ina ta aika hoton fasfo da Ghana Card, ga kuɗin makaranta ya zo. Wanda kullum yana sabuwar ƙasa wannan zai riƙa samunsa, don haka kada duka kuɗinka su kwana wuri ɗaya.

Sai canji. A 2022 da sidi ta faɗi warwas har hauhawar farashi ta wuce kashi 54 a Disamba, masu karɓar dala mun zama 'yan gata, kowa a gida ya san lambarka. A 2025 kuwa abin ya juya, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan makonni, aiki iri ɗaya, awa iri ɗaya, amma sulusin kuɗina ya narke, kuma mai gidan haya bai rage ko pesuwa ba, mai wake da shinkafa ma haka. In ka shiga ƙasashen sefa kuma wani lissafin ne, ita a ɗaure take da Yuro.

Haraji ma ka sa shi a rai. Dokar Ghana ta 2015 ta ce mazaunin ƙasa yana biya a kan abin da ya samu ko daga waje ya zo, kuma ƙasashe da yawa in ka kwana 183 a cikinsu a shekara sun ɗauke ka mazauni. Ka je ofishin GRA, hukumar haraji, ka tambaya da bakinka.

Maganar Mma kuwa, ni ina bayanta rabi. Ba auren ne ya dame ta ba, so take ta san wa zai kai ta asibiti in ƙafar ta tashi, wa zai tsaya a madadin gidanku ranar addu'ar bakwai ko ta arba'in. A zango in ba a gan ka a suna biyu da jana'iza ɗaya ba an fara cewa ka yi girman kai. Ka zauna da ita ka ce wata ɗaya za ka yi ka dawo, ka nuna mata tikitin dawowa, za ka ga ta sauko.

Baban Yara Alabar:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Jikata ce ta karanta mini tambayarka kuma ita ke buga mini wannan, in an ga kuskure nata ne.

Dariya na yi da na ji wai sabon abu ne Turawa suka ƙirƙiro. Kai da kake zaune a zango, ka taɓa tambayar ma'anar sunan? Zango wurin da ayari ke sauke kaya ne a kwana a huta. Kakanninmu fatake ne, daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa da jakuna, da kanwa da tufafi da fatu, wata da watanni a hanya har Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goron Asante su juya. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 ne mutane suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu nan Kumasi, wasu Accra. To yawo da sana'a a jininka yake, ban hana ka ba.

Amma bafatake ba ya fita shi kaɗai. Akwai madugu wanda ya san hanya da inda ruwa yake da sarkin da za a gaisar, kuma kowane gari akwai maigida, shi zai sauke ka, ya ajiye maka kaya, ya tsaya maka in rigima ta taso. Kai wane ne maigidanka a Bali? In zazzaɓi ya kayar da kai wa zai kawo maka koko? Ka fara da garin da in ka shiga masallacin Juma'a za ka ji ana Hausa, Lome na da zango, Kwatano na da shi, Abijan akwai namu.

Takarda kuma kada ka yi wasa da ita. Ina yaro a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar Ghana, na ga maƙwabtanmu da aka haifa a nan suna sayar da gado da tukwane a bakin hanya. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin haka. Ko yanzu ga Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, in za ka bi ta Paga, bodar Burkina, ka fara tambayar direbobi halin da hanya take. Kwanan da aka buga maka a fasfo kada ka ƙara ko ɗaya a kai.

Sannan ka tambayi malaminka hukuncin kasaru. A mazhabarmu ta Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ka daina rage salla, kada ka yi wata guda a otal kana raka'a biyu kana cewa kai matafiyi ne.

Sarkin Zolaya:

Baba ya gama magana wallahi 😂 Ɗan Aboabo kai da ko Tamale ba ka taɓa kwana ba kake maganar Lisbon. Ka fara zuwa can ka ci tuwon zafi sati biyu, in kastoman Jamus bai gane ka motsa ba sai mu yi maka rakiya har filin jirgi.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba na ji, amin, a gaida jikar taka mai buga rubutu. Anti, bayan cirewa ne 400 ɗin, amma gaskiya sau uku kacal na taɓa kaiwa haka. Sarkin Zolaya ka ci bashi, na taɓa kwana a Tamale, motarmu ce ta lalace.

Na yi wa maigidana magana jiya bayan la'asar, ya ce in na so in ɗauki sati uku bayan salla lokacin da aiki ke sanyi, amma in riƙa turo masa zanen daga can, bai ma ɗaga kai daga injin yanka takarda ba da yake faɗa. Akwai ɗan yayar Mma a zangon Lome yana sayar da kayan waya, wajensa zan sauka, da ta ji sunansa har ta fara lissafin abin da zan kai masa. Yaya Yaron Nima, layin Ghana yana aiki a can da araha ko gara in sayi sim ɗinsu in na tsallaka? Kuma soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku?

Yaron Nima:

Layinka zai yi aiki, ka bar shi a waya don saƙon banki da MoMo, amma data ka sayi tasu, da fasfo ake yin rajista. Soket ɗinsu na Faransa ne mai ƙafa biyu zagaye, ka sayi adafta a Kejetia kafin ka tashi, biyu ma, ɗaya sai ɗan'uwan naka ya aro bai dawo da ita ba.