Fuskokin mutanena suna ɓacewa a cikin baƙin tawada

Assalamu alaikum, masu zane. Wata 7 ke nan ina zana labarin wani ɗan dako a Kano da aka kashe ƙaninsa, aka binne maganar da kuɗi, shi kuma ya rantse sai ya ɗau fansa. Baƙi da fari ne kawai, kuma kusan duk abin cikin dare yake faruwa.

Na maƙale a shafi na 14. Lungu ne bayan an ɗauke wuta, hasken da ke wurin fitilar mai shayi ce kaɗai, a nan ɗan dakon zai fara ganin wanda ya yi kisan. Mutanena baƙaƙen fata ne, to da na cika inuwa sai fuska ta narke cikin bango, idanu kawai suke saura. Na gwada ƙananan layuka a kumatu, suka fito kamar tsagar gado. Na bar fuskar fara fat, sai ya daina kama da ɗan Kano, abin ya dame ni ƙwarai. Da na kai aka buga gwaji ma, layukan haɗewa suka yi.

Don Allah, yaya kuke fito da baƙar fata a cikin duhu? Farar tawada zan bi gefen fuska da ita, ko toka-toka zan ƙara a kwamfuta?