Tsagaita wuta saboda gasar ƙwallo: tana kamawa kuwa, kuma yaya ake ƙulla ta?

Sakataren Matasa:

Assalamu alaikum. Unguwanni biyu ne a gari ɗaya, shekara uku ke nan ba sa shiga juna tun bayan rikici. Ba a faɗa a fili yanzu, amma sara da ramuwar gayya ba su tsaya ba, ɗan wannan unguwa ba ya yarda magariba ta riske shi a waccan. Gamayyar ƙungiyoyin matasa na son shirya gasar ƙwallo ta mako uku bayan ƙaramar salla, a roƙi ɓangarorin biyu su ajiye makami har a gama. Irin tsagaita wutar da ake cewa ana yi lokacin Olamfik, ko wadda aka ce Pele ya jawo a yaƙin basasar Najeriya, da gaske tana kamawa? Idan kuma a matakin unguwa za a yi, da wa ake magana, me ake rubutawa, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Almajirin Tarihi:

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, wasa daban, yarjejeniya daban, kuma yarjejeniyar ce ke riƙe hannun mutane. Abin da Girkawan dā suka yi bai dakatar da duk yaƙe-yaƙensu ba. Alƙawari ne cewa mai zuwa Olimpiya, ɗan wasa ko ɗan kallo, zai ratsa ƙasar kowa lafiya ya koma lafiya, kuma ba za a shiga yankin Elis mai masaukin baƙi da makami ba. Manzanni ke zagaya garuruwa suna shela. Akwai tara kuma. A shekara ta 420 kafin haihuwar Annabi Isa an ci daular Sparta tarar mina 2000 (mina kuɗin Girkawan dā ne), mina biyu kan kowane soja, saboda ta kai dakaru garin Lepreon a cikin wa'adin tsagaitawar. Ta ƙi biya, ta ce shelar ba ta iso mata ba tukuna, aka hana ta wasannin shekarar. Ka riƙe wannan hujja ta Sparta, ita za ka ji a bakin yaran unguwa. Abin da ya fi kama da wannan a wurinmu shi ne watanni masu alfarma, da Larabawa ke mayar da takobi kube tun kafin Musulunci don a samu zuwa hajji da kasuwa.

Ta zamani kuwa, kwamitin Olamfik na duniya ya farfaɗo da ita a 1992, babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri na farko ranar 25 ga Oktoba 1993, kuma ana sabunta shi kafin kowane wasannin. Wa'adin yana farawa kwana bakwai kafin buɗewa, ya ƙare kwana bakwai bayan rufe wasannin masu buƙata ta musamman. Matsalar ƙudurin ita ce ba ya ɗaure kowa, ba alƙali ba tara. A 2011 duk ƙasashe 193 suka sa hannu kan na wasannin Landan na 2012, Siriya kuwa tana ci da wuta lokacin da aka yi wasannin. Yaƙin Rasha da Jojiya ya zo daidai da buɗe wasannin Beijin a Agustan 2008, sannan Rasha ta shiga Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, kwana huɗu bayan rufe wasannin hunturu, wa'adin bai ƙare ba.

Na Pele a ɗauke shi da hankali. Gaskiya ne ƙungiyarsa Santos ta buga a Legas a Janairun 1969, aka tashi 2-2 da Green Eagles ta Najeriya, amma fagen daga yana can gabas, kuma masu binciken da suka bi jaridun lokacin ba su ga sanarwar tsagaita wutar awa 48 da ake ta faɗa ba. Yaƙin sai Janairun 1970 ya ƙare. Na Drogba ya fi tushe: ranar 8 ga Oktoba 2005 a Omdurman ta Sudan, bayan ƙasarsa Kwaddibuwa mai fama da rikicin tawaye ta samu gurbin kofin duniya, shi da abokan wasansa suka durƙusa gaban kyamara suna roƙon a ajiye bindiga. Sai dai wasan da aka kai Bouaké, hedikwatar 'yan tawaye, a Yunin 2007, wanda suka ci Madagaska 5-0, ya zo ne bayan shugaban ƙasar na lokacin Gbagbo da jagoran 'yan tawaye Soro sun sa hannu kan sulhu a Wagadugu a watan Maris. Wasan hatimi ne a kan abin da aka riga aka ƙulla. Bayan zaɓen 2010 kuma aka koma gidan jiya.

Hajiya Mai Sulhu:

Malam ya gama da tarihi, ni zan tsaya kan takardar. Ɗana, kuskure na farko shi ne a tara mai unguwa da limami da fasto a ɗauki hoto a ce an yi yarjejeniya. Waɗannan shaidu ne da masu lamuni. Wanda za ka nema shi ne wanda in ya ce a fito ake fitowa: ogan daba, shugaban 'yan sintiri, mai majalisar da ake haɗuwa da dare. Kowace unguwa ba ta wuce mutum uku zuwa biyar irin waɗannan, kuma 'yan acaɓa da masu shayi sun san su fiye da hakimi. A fara mako shida zuwa takwas kafin wasan farko. A ga kowane ɓangare shi kaɗai, aƙalla sau biyu, kafin a haɗa su a ɗaki ɗaya. In aka haɗa su tun ranar farko, kowa zai zo da jerin gawarwakinsa, taro ya watse.

Kafin ma wannan, a je gidajen da aka kashe musu 'ya'ya. A yi ta'aziyya, a faɗa musu ƙarara cewa gasar ba afuwa ba ce, ba ta shafe maganar kotu ko diyya ba. Uwar da ta ji labarin a rediyo za ta ɗauka an rufe jinin ɗanta da ƙwallo, kuma kukanta kaɗai ya isa ya tayar da ƙannensa.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, da Hausa da harshen ɗaya ɓangaren in suna da nasu. A rubuta rana da lokaci: daga asubar kaza, kwana uku kafin wasan farko, zuwa isha'in kaza, kwana uku bayan na ƙarshe. Ranakun bayan kofi sun fi hatsari, saboda murnar masu nasara da jerin gwanon babura. A ambaci hanyoyi da sunansu, daga gadar kaza zuwa ƙofar fili, wadda kowa zai bi ba tsarewa ba tambaya. A lissafa abin da aka hana da sunansa, wuƙa, adda, gora, barandami, kwalba, ƙwaya da sholisho, don in aka rubuta makami kawai wani zai ce gorarsa sanda ce. A kafa kwamitin mutum shida, uku-uku, wayoyinsu a buɗe, da sharaɗin cewa duk abin da ya faru su haɗu a wurin cikin awa ɗaya su fitar da magana ɗaya. Jita-jita ce ke kashe irin wannan yarjejeniya: an sari yaro kan rigimar budurwa ko bashi, kafin la'asar WhatsApp ta mayar da shi harin unguwa. Hukunci kuma ya zama wanda za a iya zartarwa. Wanda ya karya a cire shi daga gasar, ogansa da bakinsa ya sanar, masu lamuni su miƙa shi ga hukuma.

A zauna da dipio tun da wuri a samu alƙawarin cewa ba za a mayar da filin tarkon kama masu tsohon laifi ba. Kamu ɗaya a bakin ƙofa, shi ke nan, ba wanda zai ƙara amsa kiranku. Shela a yi ta a huɗubar Juma'a da coci ranar Lahadi a mako guda, sannan a naɗi muryar ogannin da kansu a tura wa yaransu. Abu biyu kada a taɓa. Kada a biya kowa kuɗi don ya ajiye makami, domin farashi kuka sa wa tashin hankali, baɗi sai ya ninka. Kada kuma a sa wa kofi sunan ɗan takara.

Sai abin da za a yi da kwanakin. A El Salbado a 1985, cocin Katolika da Yunisef sun samu sojoji da 'yan tawaye su tsagaita na kwana uku a shekara don a yi wa yara rigakafi, aka kuma maimaita shekara da shekaru saboda abin da aka nema ƙarami ne kuma kowa na da ɗa. A Kenya, gidauniyar 'yar tsere Tegla Loroupe tun 2003 take shirya tseren zaman lafiya a Kapenguria, inda matasan ƙabilun Pokot da Turkana da Karamojong masu satar shanun juna ke gudu tare, amma zaman dattawa da maganar ajiye bindiga da ake yi a gefen tseren su ne aikin. Ku ma ku zaɓi abu ɗaya ko biyu: buɗe kasuwar da ke kan iyaka, gyara burtsatsen da unguwannin ke sha tare, mayar da baburan da aka ƙwace.

Koci:

Ranki ya daɗe Hajiya, saura cikin fili. Malam Sakatare, kada a kuskura a buga unguwa da unguwa. Wannan yaƙin ne aka sa wa jesi. A Zagreb ta tsohuwar Yugoslabiya ranar 13 ga Mayun 1990, wasan Dinamo da Red Star ko farawa ba a yi ba ya koma faɗan Kuroshiyawa da Sabiyawa. An kuma gwada abin a bincike. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, mai bincike Matt Lowe ya shirya gasar kurket tsakanin matasa masu asali daban-daban, ya ga waɗanda suka buga a tim ɗaya sun ƙulla abota, waɗanda suka kara da juna kuwa ba su samu wannan ba, har abin ya ja baya. Salma Mousa ta yi irinsa a arewacin Iraƙi da Kiristocin da 'yan IS suka kora, aka saka wa wasu tim ɗin 'yan wasa Musulmi na wata biyu. Sun saba da abokan wasansu, sun ci gaba da atisaye tare, amma hakan bai sauya yadda suke ɗaukar Musulmin da ba su sani ba a cikin gari. To ka san iyakar abin da ƙwallo za ta ba ka.

Tim takwas na mutum goma sha huɗu, bakwai daga kowace unguwa, a raba su da ƙuri'a a bainar jama'a, kyaftin daga nan mataimaki daga can, haka ma masu horarwa. Atisaye sau biyu a mako kafin a fara, don a nan ake sabo, ba a minti saba'in na wasa ba. A yi rukuni-rukuni kowa ya buga aƙalla wasa uku. Sili ɗaya ƙwale tun farko yana sallamar rabin yaran a mako na farko, su koma majalisa ba abin yi. Kyautar kuɗi ta zama ƙarama, in ta yi yawa za a shigo da 'yan haya da caca. Rafali daga wani gari. A fara ƙarfe huɗu bayan la'asar, rabi minti talatin da biyar, a watse kafin magariba, kuma in an tashi canjaras a tafi fanareti kai tsaye.

Ga yara 'yan ƙasa da sha biyar akwai tsarin da aka faro a Medelin ta Kolombiya a 1996, bayan kisan ɗan wasa Andrés Escobar. Ba rafali. Kafin wasa tim biyu su zauna su tsara dokokinsu, su buga su riƙa yanke hukunci da kansu, bayan wasa su sake zama su ba juna makin ladabi da ake haɗawa da na ƙwallaye. Mai shiga tsakani yana gefe da takarda, ba ya busa usur.

Ƙofofi kuma a bar su a buɗe tun daga farko har ƙarshe. A filin Akara ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, an harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo ƙofofi na kulle, fiye da mutum 120 suka mutu a turmutsutsu. Masu binciken shiga su zama biyu-biyu, ɗaya daga kowace unguwa, kowa ya laluba nasa, da mata masu laluben mata.

Sakataren Matasa:

Allah ya saka. Amma Koci, in aka cakuɗa su, wa zai zo kallo? Jama'a unguwarsu suke zuwa goya wa baya.

Koci:

Za su ragu a makon farko, kuma hakan alheri ne, don mutum ɗari uku sun fi dubu uku sauƙin riƙewa yayin da ake gwada yarjejeniya. Masu zuwa don unguwa su ne masu zuwa da waƙar habaici. Waɗanda za su zo yanzu 'yan'uwan 'yan wasa ne, kuma tunda kowane tim na da bakwai-bakwai, dole su zauna gefe ɗaya da mutanen can. A ba tim sunayen da ba na unguwa ba, a hana launin jam'iyya da ganga mai kirari, mai sharhi a lasifika ya kira yaro da sunansa kada ya ambaci inda ya fito.

Hajiya Mai Sulhu:

Ƙari ɗaya, ɗana. Kada a jira ranar kofi kafin a tayar da maganar tsawaitawa. A tsakiyar mako na biyu, in ba a zubar da jini ba, kwamitin shidan ya koma wurin ogannin ya nemi ƙarin kwana talatin a kan hanyoyin nan dai da aka ambata, a sa hannu kafin wasan ƙarshe, a karanta a fili lokacin hutun rabin lokaci. Atisayen tim ɗin kuma ya ci gaba sau ɗaya a mako, wannan mako a filin nan, mai zuwa a filin can.