Adabin Turanci a SS2: ta ina za mu kama?

Maman Ɗaliba, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum malamai. Ƴata ta shiga SS2, kuma burinta ta karanta lauya a ABU Zariya. An ce mana in ba kiredit a Adabin Turanci, babu maganar lauya. Turancinta ba laifi, amma makinta na zangon farko bai yi kyau ba, alhali kullum tana riƙe da ɗan littafin nan mai taƙaita labarai. Wasan Shakespeare kuwa ko shafi biyu ba ta iya wucewa. Don Allah me ya kamata mu saya, kuma yaya za ta tsara karatun kafin WAEC?

Malamin Adabi, Tudun Wada

Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya aka faɗa miki, sai da kiredit, wato daga C6 zuwa sama. Kafin ki fitar da ko sisi, ki duba shekarun da ke kan jerin littattafan. WAEC na sauya su duk shekara biyar. Na 2021 zuwa 2025 ya wuce, yanzu na 2026 zuwa 2030 ake yi, kuma Antony and Cleopatra ne ya maye gurbin A Midsummer Night's Dream. Tsofaffin ba sa ɓacewa daga teburin masu littattafai rana ɗaya, don haka ki shiga Kasuwar Gumi da jerin da makaranta ta bayar a hannunki.

Takardu uku ne, maki 200. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya: 20 kan ilimin adabi gaba ɗaya, 5 kan zuben da ba ta taɓa gani ba, 5 kan baƙuwar waƙa, 20 kan Shakespeare. Ta biyu zube ce, amsa biyu cikin awa ɗaya da kwata, maki 50. Ta uku ita ce mai nauyi, maki 100: wasan kwaikwayo da waƙa, na Afirka da na waje, amsa huɗu cikin awa biyu da rabi. In kin lissafa, kowace amsa minti 37 da rabi take da shi. A zube da wasa littafi ɗaya daga kowane sashe, wato na Afirka da na waje, ya isa. Waƙoƙi goma sha biyun kuwa babu wadda za a tsallake.

Malama, Kawo

Ƴar'uwa, wannan ɗan littafin da take riƙewa shi ne ciwon. Yana ba yaro labari, mai gyaran takarda kuma ya riga ya san labarin. In aka ce ta tattauna rawar da wani tauraro ya taka, sai ta faro daga babi na ɗaya ta cika shafi uku da "sai ya tafi, sai ta ce", tambayar na nan zaune ba a taɓa ta ba. Nan makin ke zubewa, kuma abin na da ciwo, don yarinyar ta yi wahalar karatu.

Amsa mai kyau batutuwa uku ko huɗu take ɗauka, kowanne da sakin layinsa: ta faɗi matsayinta a jimla ɗaya, ta kawo abin da ya faru a littafin da sunan mai yi da wurin, sannan ta nuna yadda hakan ya amsa tambayar. Minti biyar na farko na tsara waɗannan ne a gefen takarda.

In tana ɗaukar darasin Hausa, ta riga ta yi rabin tafiya. Jigo, salo, zubi da tsari, kamance, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, amsa-amo, duk su ne dai, suna kawai ya sauya. Wadda ta gane cewa "zaki ne a fagen fama" siffantawa ce, ba za ta sha wuyar gano irinta a waƙar Turanci ba. Sai dai kar ta tsaya ga kiran sunan adon harshe. Ta kawo ɗangon, ta faɗi aikin da ya yi wa jigon.

Mai Koyar da Wasan Kwaikwayo, Barnawa

Kan Shakespeare, Hajiya, hankalinki ya kwanta: ba a rubuta doguwar amsa a kansa, zaɓi ne. Za a ciro ɗan yanki a tambaya wa ke magana, da wa, a ina, me ya faru kafin nan. Mai taƙaitawa ba ya tsinana komai a nan. Ki sayi bugun da ke da bayanin kalmomi a shafin da ke kallon nassin.

Abin da ke rikita yara a wannan wasa yawan fitowa ne da tsalle tsakanin Rum da Masar. Kashi na uku fitowa 13 gare shi, na huɗu 15, wasu ko rabin shafi ba su kai ba. Ta ware littafin rubutu, kowace fitowa layi uku: wuri, waɗanda ke ciki, abin da ya sauya. Ta raba mutanen gida-gida: Antony da Enobarbus da Eros, Caesar da ƴar'uwarsa Octavia, Cleopatra da Charmian da Iras. Su haɗu su uku ko huɗu su raba murya su karanta da ƙarfi, don kunne na kama mai magana fiye da ido.

Maman Ɗaliba, Unguwar Rimi

Allah ya saka da alheri. To sau nawa za ta karanta kowane littafi?

Malama, Kawo

Sau uku. Na farko don labari, kafin ƙarshen SS2. Na biyu da fensir a dogon hutu, tana alamar shafukan jigo da halayen taurari. Na uku a SS3 tare da tsofaffin tambayoyi: kowace Asabar amsa ɗaya, ki ɗora agogo a gabanta, minti 37 na cika ki karɓe biron, ranar Litinin ta kai wa malaminta ya duba.